A Bar Wa Yara Filin Wasansu

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in tofa albarkacin bakina a kan yadda filayen wasa ke ɓacewa a garuruwanmu.

Ni manomi ne, da rani kuma nakan kasa 'yar tireda a bakin tasha. Muna yara, filaye uku gare mu a garinmu. Akwai dandali a ƙofar fada inda 'yan mata ke gaɗa da farin wata, akwai filin firamare inda muke buga ƙwallo bayan la'asar, sai masussuka ta bayan gari inda ake dambe da kokawa da kaka. Yau dandali ya zama shaguna, masussuka an yanka ta fuloti-fuloti, filin makaranta kuwa an cinye rabinsa.

Wani zai ce to mene ne, ai wasa ne kawai. Jama'a, wallahi abin ya wuce wasa. A filin nan ne ɗan mahauci da ɗan liman da ɗan Fulanin ruga suke shiga ƙungiya ɗaya, su yi faɗa su shirya kafin magariba. Mutumin da ke ba ni kaya bashi a kasuwa har gobe, shi ne mai tsaron gidanmu a lokacin, kuma ba takarda tsakaninmu sai sanayya. Sa'annan fili a idon kowa yake. Dattijo zai wuce masallaci ya hangi ɗan wane yana rashin kunya, ya tsawata masa nan take. To yanzu ina yaran suke? Suna kango da bayan tasha, inda ba mai ganinsu. A 2018 gwamnatin tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi. Madalla. Amma an karɓe kwalba ne kurum, ba a nuna wa yaron inda zai je tsakanin la'asar da magariba ba.

Mu 'yan tireda ma mun ji a jikinmu. Ranar da ake wasa da ƙauyen maƙwabta, mai ƙosai da mai rake da mai gyaɗa duk sukan sayar da kayansu tas. Wannan ciniki ya tafi tare da filin.

Mu dubi 'yan'uwanmu na Nijar. Tun 1975 da suka soma gasar kokawa ta ƙasa a Tawa suke riƙe da abinsu, ana zagayawa da ita jiha-jiha, zakara ya ɗauki takobi, talaka ya yi kallo, ɗan kasuwa ya yi ciniki. Su ba su ɗauki filin kokawa a matsayin ƙasar da ta rasa mai ita ba.

Ban ce kada a yi gini ba. Jama'a ta ƙaru, ni kaina ina da samari da za su nemi wurin kafa ɗaki. Amma Dokar Filaye ta 1978 ta danƙa ƙasar jiha a hannun gwamna bisa amana, filayen karkara kuma ƙaramar hukuma ce ke ba da izinin mallakarsu. Ashe ke nan mai ikon yanka fuloti yana da ikon ya ce wannan kadada guda ta yara ce, ba ta sayarwa ba.

Don haka ina kira ga ciyamomi da kansiloli da hakimai da dagatai, su auna abin da ya rage, a kafa duwatsu, a yi masa takarda da sunan gari. Mu kuma iyaye sai mu yi gayya mu dasa darbejiya a kewaye kafin damina ta wuce. Ni dai na ɗauki nauyin raga biyu da ƙwallo ɗaya.

Naku,
Wani manomi mai tireda.