Raddi ga Mai Cewa Duk Wasan Karta na Waya Caca Ne

Wani malamin makaranta a Gwaram, wanda nake ganin girmansa, yana nanata wa matasa cewa duk wasan da aka ga karta a cikinsa caca ne, a kan tabarma ake yinsa ko a cikin waya. Niyyarsa kyakkyawa ce, kuma duk wanda ya ga yadda cacar ƙwallo take lamushe kuɗin samari ba zai zarge shi da tsanani ba. Amma hujjojinsa ba su kai inda ya ja su ba.

Malam ya ce karta ai kayan caca ce. Abin da aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta haramta shi ne maisir, kuma malamai sun bayyana shi: a zuba dukiya, wani ya kwashe, wani ya tashi hannu rabbana. To ina zubin yake a wasa irin Slay the Spire, wanda Anthony Giovannetti da Casey Yano suka fitar a 2019? Mutum shi kaɗai ne da wayarsa, ba abokin karawa, ba kuma kobo da zai ci ko a cinye masa. Ko Turawa sun taɓa yin irin kuskuren Malam. Hukumar PEGI mai tantance wasanni a Turai ta hana 'yan ƙasa da shekara 18 wasan Balatro, wanda wani ɗan Kanada ya yi shi kaɗai ya fitar a 2024, don kawai ta ga siffar kartar caca a ciki. Da aka ɗaukaka ƙara, sai ta sauko zuwa shekara 12 a 2025.

Ya kuma ce sa'a ce zalla, babu hankali a ciki. Wannan magana ce ta wanda bai zauna ya kalla ba. A Slay the Spire ana hawa hasumiya ne hawa-hawa, kuma a bisa kan kowane abokin gaba akwai alamar da ke nuna abin da yake shirin yi, sara ne ko kare kai. Mai wasa yana da ƙarfi ƙayyadadde a kowane zagaye, dole ya lissafa: in na kai hari yanzu, zan iya jure dukan da ke tafe? In ya yi nasara sai a shimfiɗa masa karta uku ya zaɓi ɗaya, kuma gwani yakan bar su duka don kada tarinsa ya cika da tarkace. Akwai sa'a a abin da zai faɗo hannu, amma maimaita nasara sai mai dabara. Ya fi kusa da darar da dattawa ke yi a gindin bishiya fiye da Whot ɗin majalisa.

Inda na fi jin ciwo shi ne hujjarsa ta uku, wai in dai dole ne, gara wasannin kyauta na ƙwallo da harbe-harbe tunda babu karta a cikinsu. Malam, ai nan macijin yake kwance. Da yawansu suna sayar da akwatin sa'a: yaro ya biya kuɗi na gaske bai san abin da zai fito ba, ya sake biya, ya sake. Hukumar kula da caca ta Beljiyam ta yanke a 2018 cewa irin wannan akwati caca ne. Su kuwa wasannin da na ambata, sau ɗaya ake saya, shi ke nan. Malam ya kori wanda babu zubi a cikinsa, ya buɗe wa mai zubi ƙofa.

Sai batun ɓata lokaci, kuma a nan ba na jayayya da shi. An san Imamu Malik bai ga alheri a shaɗaranji ba, mu kuwa mabiya mazhabarsa ne. Wasan da ya sa aka kira salla mutum yana cewa bari in ƙarasa, ko ya hana ɗalibi bitar karatu, ko ya zaunar da saurayi a rumfar cajin waya damina na wucewa, ya zama abin gudu ko da babu karta ko ɗaya a ciki. Sai dai wannan hukunci ya hau kan kallon ƙwallo da TikTok ma, bai keɓanta da karta ba.

Akwai ma abin da ya kamata Malam ya kawo amma bai kawo ba. Balatro yana ɗauke da hotunan kartar duba ta Turawa, duk da cewa aikinsu a wasan sauya lissafi ne kawai. Inscryption na Daniel Mullins, na 2021, cike yake da ban tsoro da siffofin tsafi, ba zan miƙa wa yaro shi ba. Slay the Spire kuwa, wanda ya shigo wayoyin Android a 2021, zan bar baligi mai kula da sallarsa ya yi shi, in har kuɗinsa, kimanin dala 10, ba daga na cefane zai fito ba.