A Bar Mu Mu Taka Daji Da Ƙafafunmu

Ina godiya ga malaman da ke kula da wannan mujalla da suka ba ni fili in faɗi albarkacin bakina a kan wata magana da ta dame ni tun farkon wannan zango. Maganar kuwa ita ce ta tafiyar yini guda da Ƙungiyar Labarin Ƙasa ta makarantarmu kan shirya kowace shekara zuwa gandun dajin Pandam. Bana an ba 'yan aji huɗu takardun neman izini su kai gida lokacin hutu. Da aka dawo, waɗanda iyayensu suka sa hannu ba su isa su cika ko rabin motar makaranta ba. Shugaban makaranta ya ce in ba a sami ƙari ba kafin ƙarshen wata, to, za a fasa tafiyar. Ni na je bara, don haka nake roƙon iyayenmu da 'yan'uwana ɗalibai su saurare ni kafin a yanke hukunci.

Ga wanda bai sani ba, gandun dajin Pandam yana kudancin Jihar Filato ne, a kan hanyar da ta tashi daga Lafiya zuwa Shendam. An keɓe shi a shekarar 1972, zamanin tsohuwar Jihar Binuwai da Filato, don kare namun daji da itatuwan da ke ciki. Abin da ya fi fito da sunansa shi ne babban tafkin da ke cikinsa, inda dorina da kada da ayu ke zaune. A shekarar 2008 aka sa tafkin cikin jerin dausayin da duniya ta yarda a kiyaye, bisa yarjejeniyar da ƙasashe suka ƙulla a garin Ramsar na ƙasar Iran a 1971. Ashe ke nan mutanen nesa sun san darajar wurin, mu da muke kusa ne muke neman dalilin ƙin zuwa.

Ba zan ɓoye muku ba, ni ma da ƙyar na je. Ran da na kai wa mahaifina takardar, sai ya juya ta gaba da baya, ya dube ni ya ce, "Kai da na kai ka makaranta don ka fita daga daji, shi ne kuma za su mai da kai cikinsa?" Na ce, "Baba, ai darasi ne, kuma da malamai za mu." Bai sa hannu ba sai da kawuna ya sa baki.

Mun tashi daga makaranta bayan sallar asuba, ran wata Asabar cikin watan Janairu, hunturu na kaɗawa. Da muka isa, aka haɗa mu da wani dattijo ma'aikacin gandun daji don ya yi mana jagora. Kafin mu ɗaga ƙafa ya jera mu sahu ɗaya, ya ce, "Samari, sharaɗina uku ne. Kada wanda ya wuce gabana, kada wanda ya tsaya bayan malaminku, kuma a rage surutu. Mai surutu ba ya ganin komai a daji, sai dai daji ya gan shi." Muka kama 'yar siririyar hanya, kowa da gorar ruwansa da ƙunshin gurasarsa.

A nan ne dalilina na farko ya fito, wato ilmi. Mun shekara uku muna haddace bambancin daji mai ciyayi da kurmi don cin jarrabawa, amma ban fahimce shi ba sai ran nan. Da farko muna tafe cikin busasshiyar ciyawa da itatuwa jefi-jefi, rana na dukanmu. Da muka doshi ruwa sai itatuwa suka yi tsawo suka haɗe kai, inuwa ta rufe mu, iska ta yi sanyi, ƙasa ta yi laushi ƙarƙashin takalmi. Ba wanda ya buɗe littafi, amma kowa ya gane cewa ruwa ne ya raba su. Dattijon ya riƙa tsayawa yana dafa itace yana tambayarmu sunansa. Abin kunya, a cikinmu duka ba wanda ya iya raba maje da kawo. Ɗorawa kuwa, wadda da kalwarta ake yin daddawar da muke sha a miya kullum, mutum biyu kaɗai suka gane ta. Ya nuna mana kaɗanya, uwar man kaɗe, da ƙirya wadda maƙera ke son gawayinta saboda ƙarfinsa. Ya nuna mana sawun birai a ƙasa, ya koya mana yadda ake gane sabon sawu da tsoho. Gaskiyar masu iya magana, gani ya kori ji.

Wasu abokaina suna cewa in dai za a kashe kuɗi, gara a tafi Yankari, inda za a hau mota a ga giwa. Ba na raina Yankari. Tun 1956 aka keɓe ta, aka buɗe ta ga masu ziyara a 1962, kuma ruwan Wikki abin alfahari ne ga Jihar Bauci da ƙasa baki ɗaya. Amma wanda ke bisa mota dabbar kawai yake gani in ta fito, in ba ta fito ba ya dawo yana cewa an yi asara. Mai tafiya a ƙasa kuwa ba ya dawowa hannu rabbana. Yana jin ƙamshin ganye, yana jin kukan tsuntsu, yana sanin nisan wuri da gajiyar ƙafarsa. Tafiyar ƙasa ba ta cin mai, kuma ta fi zama a rai.

Ba mu isa bakin tafkin ba sai da hantsi ya dubi ludayi, saboda yawan tsayawa. Muna fitowa daga cikin itatuwa sai ga ruwa shimfiɗe a gabanmu, ga agwagin ruwa da zalɓe da balbela. Duk surutunmu sai muka yi tsit ba tare da an ce mu yi ba. Can nesa muka hangi wasu baƙaƙen abubuwa kamar duwatsu, sai ɗaya ya ɗaga kai ya yi huci. Dorina ce! Dattijon ya bayyana mana cewa takan yini cikin ruwa don fatarta ba ta jure zafin rana, da dare take fitowa kiwo. Ayu kam ba mu gan shi ba. Amma ran nan na fara sanin cewa shi ba kifi ba ne, dabba ce mai shayar da 'ya'yanta nono, ciyawar ruwa take ci, kuma sai ta leƙo sama take shaƙar iska.

Dalilina na biyu shi ne kishin abin da Allah ya ba mu. Muna zaune muna cin gurasa, sai malaminmu ya ɗebi ƙasa a hannu ya ce saiwoyin itatuwan da muka ratso su ne ke riƙe da ita. In aka sare su don gawayi ko katako, ruwan damina zai kwashe ƙasar ya zuba cikin tafki, tafki ya cike, kifi ya ragu, dorina ta rasa wurin zama ta faɗa gonakin mutane. Sau nawa muka ji wannan a aji muna hamma? Amma da na ji shi ina kallon ruwan da idona, sai ya shige ni. Mu ne gobe za mu zama malaman gona da alƙalai da sarakuna da 'yan majalisa. Yaya mutum zai tsaya wa dajin da bai taɓa takawa ba? Wanda bai san maje ba, ba zai ji zafi ba ran da aka sare na ƙarshe.

Yanzu bari in koma ga tsoron iyayenmu, don ba tsoron banza ba ne. Hausawa na cewa tsoro na daji, kunya na gida. Kowa ya san cewa a shekarun nan wasu dazuzzukan Arewa sun zama maɓoyar miyagu, kuma tun abin da ya faru a Cibok a 2014, duk uban da ɗansa ko 'yarsa ke makarantar kwana ba ya barci da ido biyu a rufe. Ba na cewa a yi ganganci da ran kowa. Abin da nake cewa shi ne a bincika. Hukumar makaranta ta tuntuɓi ma'aikatan gandun daji da jami'an tsaro ana saura kwana kaɗan. In sun ce hanya ba lafiya, a ɗaga tafiyar zuwa wani lokaci, ba wanda zai yi gardama. Amma ɗagawa daban, fasawa daban. Mu tuna cewa Sambisa ma a da gandun namun daji ne. Gidan da masu shi suka daina leƙawa, wasu ne ke tarewa a ciki.

Game da namun daji da cututtuka kuwa, rigakafi ya fi magani. A tafi da rani, lokacin da ciyawa ta bushe ana ganin hanya. A sa takalmi mai rufi da riga mai dogon hannu saboda ƙaya da cizon ƙwari. Kada a tsaya tsakanin dorina da ruwa. Kada wanda ya shiga tafki wanka, don ban da kada, ruwan da ke kwance yakan ɗauki cutar tsargiya. A juyo da wuri don a fita kafin la'asar sakaliya. Mun kiyaye waɗannan duka, kuma babbar masifar da ta same mu ita ce wani ɗan ajinmu da ya sa sabon takalmi don yanga, ya dawo yana ɗingishi, takalmin a hannu.

Akwai kuma masu cewa wannan yawon banza ne, ɗalibi ya zauna ya yi karatu. Ina tambayarsu, Asabar nawa muke kashewa a ɗakin kwana muna musun ƙwallo? Yini ɗaya ne rak a shekara. A cikinsa na ga wanda ya fi kowa ƙoƙari a aji ya gaji, wanda kullum ke zuwa na ƙarshe ya karɓi jakarsa ya ɗaukar masa. Na ga mutum huɗu sun raba gorar ruwa ɗaya ba faɗa. Wannan ma tarbiyya ce, kuma ba a rubuta ta a allo.

Da na koma gida hutu, na zauna ina ba mahaifina labarin itatuwan da na koya, ina ji da kaina. Ya bari na gama, sa'an nan ya yi murmushi ya jero mini wasu fiye da goma da ban taɓa ji ba, da amfanin kowanne, wanda ake jiƙa saƙesaƙinsa da wanda ake sassaƙa turmi da shi. Na ce, "Baba, ashe duk ka san wannan, ba ka taɓa gaya mini ba?" Ya ce, "Ai ba ka taɓa tambaya ba." Tun ran nan in na je hutu nakan bi shi gona da ɗan littafina.

Saboda haka ina roƙon iyayenmu, in takardar nan ta sake zuwa hannunku, ku tambayi malamai duk abin da ya shige muku duhu, in kun gamsu ku sa hannu. Ina roƙon shugaban makaranta ya ƙara wa'adi, kuma a gayyaci iyaye biyu ko uku su bi mu su gani da idonsu. Ku kuma 'yan aji huɗu, kada ku bar takardunku a ƙasan akwati. Allah ya kiyaye mana dazuzzukanmu, ya ba ƙasarmu zaman lafiya, ya kai mu ya dawo da mu lafiya, amin.