Dogon hutu a Alƙahira: Zafin Masar bai san nawa magidanci ya kashe ba

Da zarar makarantu sun tafi dogon hutu a watan Yuli, iyalai masu hali daga Kano da Kaduna da Abuja kan fara haɗa kaya zuwa Masar. Wasu ganin likita ne ke kai su sai su haɗa da yawo, wasu ziyarar 'ya'yansu da ke karatu a can, wasu kuwa dalar Giza kawai suke so yara su gani da idonsu.

Niyya ce mai kyau, domin gani ya kori ji. Sai dai hutun yana faɗowa ne daidai lokacin da zafin Masar ya kai maƙura, kuma magidanta da dama kan sauka da ƙudurin sai sun ga komai cikin kwana huɗu ko biyar. Wannan ƙuduri ne ya kamata a ajiye, saboda ƙananan yara da tsofaffi ne ke biyan farashinsa da lafiyarsu.

A watan Yuli da Agusta, zafin rana a Alƙahira kan kai wajen digiri 35 a ma'aunin Celsius, a wasu ranakun har ya haura 40. A Luxor da Aswan da ke kudu, digiri 40 zuwa sama ne abin da aka saba. Filin dalar Giza kuma yashi ne da dutse, inuwar da za a raɓa ba ta da yawa.

"Ai mu 'yan zafi ne"

Da wannan magana ce mutumin Arewa kan kwantar wa kansa da hankali. Gaskiya ne bazarar Kano da Sakkwato da Maiduguri ba wasa ba ce, amma akwai abubuwa biyu da ake mantawa.

Na farko, wanda ya tashi daga Kano a watan Agusta daga tsakiyar damina ya fito, lokacin da gari ya yi sanyi. Sabon da jiki ya yi da zafin Afrilu kan gushe cikin 'yan makonni, kuma yakan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu kafin ya dawo. Ke nan kafin jiki ya sake sabawa, hutun Masar ɗin ya ƙare.

Na biyu, ko a gida babu mai hankalin da ke jan yara da kaka yawon awa uku a ƙafa da ƙarfe ɗaya na rana a bazara. Inuwa ake nema, a jira la'asar ta yi sanyi. Wannan hikimar da aka gada ce ake jefarwa a ƙasar waje, don kawai an biya kuɗin jirgi da otel.

Aikin Hajjin 2024 ya isa darasi. Hukumomin Saudiyya sun ce fiye da mutum 1,300 ne suka rasu a lokacin da zafi ya haura digiri 51 a Makka, kuma mafi yawansu waɗanda suka yi doguwar tafiya ne a rana ba tare da mafaka ba. Da yawa daga cikinsu daga ƙasashe masu zafi suka fito. A Girka ma, tun daga 2023 hukumomi sun sha rufe tsohon ginin Acropolis na birnin Athens da tsakar rana idan zafi ya tsananta, duk da kuɗin shigar da ake rasawa.

Wa ya fi shiga haɗari?

Jikin ƙaramin yaro ya fi saurin ɗaukar zafi, kuma idan wasa ya ɗauke masa hankali ba zai ce yana jin ƙishirwa ba. Tsofaffi kuma jin ƙishirwarsu kan ragu, sannan masu ciwon suga da masu shan wasu magungunan hawan jini da ke sa yawan fitsari sun fi saurin rasa ruwan jiki. Abin lura shi ne irin waɗannan marasa lafiya ne ake yawan kaiwa Masar ganin likita.

Ciwon kai da jiri da tashin zuciya da kasala alamu ne na a dakata nan take, a shiga inuwa, a sha ruwa. Idan kuwa mutum ya fara ruɗewa ko sambatu ko ya suma, lamarin ya zama na gaggawa: a jiƙa masa jiki da ruwan sanyi, a yi masa fifita, a kira motar asibiti. Lambarta a Masar ita ce 123.

Birnin da kansa ya nuna hanya

Alƙahira ta haura shekara 1,000 tana zaune da wannan zafi, kuma gine-ginenta sun nuna yadda ake yi. Kaurin bango, da rumfunan masallatai, da tagogin katako masu ƙananan ƙofofi da ake kira mashrabiyya, da wuraren shan ruwa na sadaka da ake kira sabil, duk dabarun kauce wa rana ne. Har yau, sai bayan faɗuwar rana titunan birnin ke cika da iyalai.

Saboda haka a raba yini gida uku. Da sassafe, da zarar an buɗe ƙofa, a je dalar Giza, wadda ta kai kimanin shekara 4,500, a baro wurin kafin ƙarfe 10. Shiga cikin babbar dalar kuwa sai an sunkuya a bi ta wata ƙuntatacciyar hanya mai ƙarancin iska, don haka a bar wa matasa masu ƙarfi.

Da tsakar rana a koma masauki a huta, ko a shiga inda ke da na'urar sanyaya ɗaki, kamar sabon babban gidan tarihi da ke kusa da dalar, ko gidan tarihin Fustat da aka mayar da gawawwakin fir'aunoni cikinsa a 2021.

Da yamma kuma sai tsohon gari: Masallacin Al-Azhar da aka fara ginawa a 970, da titin Al-Mu'izz, da kasuwar Khan al-Khalili, ko a hau kwale-kwale a kogin Nilu. A watan Yuli rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 8 na dare, don haka lokaci na nan. Ga zoɓo da suke kira karkade, ga tsamiya da ruwan rake, amma kada su maye gurbin ruwan gora. A sa tufafin auduga masu haske, a riƙe lema, kuma kada a lulluɓe keken jariri da mayafi, domin zafi yake tarawa a ciki.

Batun kuɗi fa?

Wani magidancin zai ce ya tara kuɗin nan shekara da shekaru, wataƙila ba zai sake zuwa ba, don me zai kwana a otel da rana tsaka? Ƙorafi ne mai ma'ana, musamman a yadda canji yake a yanzu. Amma lissafin bai fita ba. Yaron da aka zagaya da shi wurare shida yana kuka, wahalar kawai zai tuna. Kwana ɗaya a gadon asibiti kuma zai cinye kuɗin da ake ƙoƙarin morewa, ya haɗa da sauran kwanakin hutun.

Kamfanonin shirya tafiye-tafiye ma da nasu laifin, idan suka sayar wa iyali jadawalin da aka tsara don watan Janairu a watan Agusta. Kafin a biya, a tambaye su ƙarfe nawa za a kasance a kowane wuri, da ko motar na da sanyi. Wanda ke son ganin Luxor da kaburburan sarakunanta, ya fi masa ya jira hutun Disamba.

Amana ce a wuyan magidanci, kuma yara da tsofaffi ba su da bakin cewa a'a idan ya ce a tashi. Ya dubi mafi rauni a cikin ayarin, ya tsara yini gwargwadon ƙarfinsa. Wuri biyu a rana sun isa, abin da ya rage a bar shi sai wani zuwan.