Ciwon suga: Abin da majinyata daga Kakuri zuwa Sabon Tasha ya kamata su sani kan allurar lantarki

Tun da aka saki darajar Naira a watan Yunin 2023, farashin magungunan da ake shigowa da su ya yi tashin gwauron zabi, kuma masu ciwon suga na cikin waɗanda abin ya fi yi wa zafi, domin nasu maganin ba a ajiye shi. A ƙarshen shekarar ne kamfanin Sanofi, mai yin insulin, ya sanar da cewa zai daina gudanar da kasuwancinsa kai tsaye a Najeriya, ya koma bi ta hannun dillalai. A unguwannin tsallaken Kogin Kaduna, irin su Kakuri da Makera da Nasarawa da Barnawa da Sabon Tasha, inda dubban magidanta suka rasa abin yi bayan durƙushewar masaƙu irin su KTL da ta rufe a 2002, wannan tsada tana nufin zaɓi tsakanin cefane da magani.

A irin wannan yanayi ne tallace-tallacen na'urorin lantarki da ake cewa suna maganin suga ke samun kasuwa a Facebook da TikTok da WhatsApp. Hausawa kan ce wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa sai ya kama. Don haka ya dace a tantance gaskiyar lamarin.

Tsira siraran allurai a wasu keɓaɓɓun wurare na jiki tsohuwar hanyar jinya ce ta Sinawa. Daga baya aka ƙara mata lantarki: a tsira allurai, a haɗa su da wayoyi, a saki wuta kaɗan har naman wurin ya riƙa motsi. Ga Bahaushe da ya saba da ƙahon wanzami da tsaga da sakiya, wannan ba baƙon tunani ba ne, kuma hakan na cikin dalilan da suka sa ake saurin amincewa da ita.

Ba za a ce babu kimiyya a cikinta ba. A 2021 mujallar Nature ta buga binciken masana na Jami'ar Harvard, wanda ya nuna cewa sakin lantarki a wani wuri ƙasa da gwiwar ɓera yana motsa jijiyoyin da ke rage kumburi a jiki. Haka kuma likitoci sun daɗe da sanin cewa tsoka idan tana aiki tana zuƙe suga daga jini. Sai dai binciken Harvard a kan ɓeraye aka yi shi, kuma kumburi ya duba. Ita kuwa tsoka, tafiyar minti 30 da sauri tana motsa ta fiye da yadda allura za ta yi, ba tare da an biya ko sisi ba.

Gwaje-gwajen da aka yi a kan mutane yawancinsu ƙanana ne, na ɗan gajeren lokaci, kuma majinyatan suna ci gaba da shan magungunansu na asibiti. Inda aka fi sa rai shi ne rage zugi da raɗaɗin ƙafa da lalacewar jijiyoyi ke jawowa, amma ko a nan, nazarin da cibiyar Cochrane ta fitar a 2017 kan ciwon jijiya ya ce hujjojin ba su isa a yanke hukunci ba. Babu wani gwaji da ya nuna cewa allurar tana maye gurbin insulin ko metformin.

Babban haɗarin yana nan ne. Mai suga da ya ji sauƙin ƙafa bayan zama uku ko huɗu yana iya ɗauka ya warke, ya jingine magani, alhali sugan na ci gaba da cin ƙoda da ido da zuciya a ɓoye. Ga mai nau'in farko na ciwon, barin insulin na 'yan kwanaki yana iya kai shi ga suma ko rasa rai. Sannan ƙafar da jijiyoyinta suka mutu ba ta jin ƙuna ko huda, kuma ƙaramin rauni a wurin kan zama gyambon da ke kai wa ga yanke ƙafa. Allurar da aka maimaita wa mutum biyu tana yaɗa ciwon hanta da ƙanjamau. Mai na'urar daidaita bugun zuciya a ƙirji kuwa bai kamata a sa masa lantarki ba sam. Garin neman gira, kada a rasa ido.

Ta fuskar doka, ba a haramta wannan jinya ba. Dokar da ta kafa Majalisar Kula da Likitoci ta Najeriya, MDCN, ta sanya tsira allura cikin hanyoyin jinyar da majalisar ke sa wa ido, na'urorin kuma suna ƙarƙashin NAFDAC. A watan Mayun 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da sabon tsarin magungunan gargajiya na 2025 zuwa 2034, wanda ya jaddada hujja da tsaron lafiyar majinyaci. Matsalar ita ce aiwatarwa: majinyaci ba shi da hanya mai sauƙi ta bambance ƙwararre da ɗan kasuwar da ya sayo na'ura ya buɗe shago.

Wanda ya yanke shawarar gwadawa, to ya fara sanar da likitansa, ko a Babban Asibitin Gwamna Awan ko a St. Gerard da ke Kakuri ko duk inda yake karɓar magani. Ya nemi ganin takardar rajistar mai yi masa, ya tabbatar an ɓare sabbin allurai a gabansa, kuma kada ya rage ko ƙwaya ɗaya. Ya yi gwajin HbA1c, mai nuna matsakaicin sugan wata uku, kafin farawa da bayan wata uku. Wannan adadi shi ne alƙali. Duk wanda ya ce masa ya bar maganin asibiti, ya tashi ya bar wurin.

Ƙididdigar Ƙungiyar Ciwon Suga ta Duniya ta 2021 ta nuna manya miliyan 3.6 ne ke da ciwon a Najeriya, kuma fiye da rabin masu shi a Afirka ba su san suna da shi ba. Muddin magani na gaskiya ya fi ƙarfin aljihun ɗan kasuwa da ma'aikaci da ɗan fansho, masu na'ura ba za su rasa ciniki ba. Gwamnatin Kaduna tana da hukumar inshorar lafiya ta KADCHMA, kuma tabbatar da cewa masu rajista suna samun gwaji da maganin suga a asibitocin unguwanni zai fi duk wani gargaɗi tasiri. Haka nan harajin Naira 10 a kan kowace lita ta lemon kwalba da Dokar Kuɗi ta 2021 ta kawo, ya dace a ware shi domin sauƙaƙa wa waɗannan majinyata farashin insulin.