Babur ma yana cin albashi, a hankali yake ci

Tun daga 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafin man fetur, filin ajiye motoci na ma'aikatunmu ya sauya kama. Waɗanda muka saba gani da mota, yau ga su a kan Boxer ko Jincheng ko roba-roba. Ni ban ga abin kunya a nan ba, lissafi ne. Mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne tun 2024, ina mutum zai kai tankin mota?

Abin da ke damuna shi ne yadda muke ɗaukar babur kamar fetur kaɗai yake buƙata. Jama'a, duk sabis ɗin da ka tsallake bashi ne, kuma da riba za ka biya.

Ɗauki baƙin mai. A irin waɗannan ƙananan babura kusan lita ɗaya ce, amma ita ke shafe inji da giya da kulochi gaba ɗaya. In ya tsinke ya zama ruwa, fistin da ringi ke fara cinyewa, sai hayaƙi, sai sauke inji. Kuɗin juye nawa, kuɗin sauke inji nawa? Kuma a daina zuba na mota don ya fi araha, wani yana sa kulochi santsi.

Sarƙa ma haka. In ta bushe, ƙurar hunturu ta haɗu da ita, sai ta dinga cin haƙoran sufuroket. In za a canja, a canja su tare, don tsohon haƙori yana lalata sabuwar sarƙa.

Sai taya da birki, inda maganar ta wuce kuɗi ta koma rai. Taya tana tsufa ko ba a hau ta ba. A gefenta akwai lambobi huɗu: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2322, an yi ta a mako na 23 na 2022. Duba kafin ka biya.

Na san wani zai ce, "Malam, albashin bai kai wata ba, da me za a yi sabis?" Gaskiya ne, kayan gyara sun yi tsada tunda naira ta faɗi, ga jabu ya cika kasuwa. Amma babur ɗin nan shi ke kai yara makaranta, shi ke kai ka ofis. Ranar da ya tsaya, kuɗin Adaidaita na sati ɗaya zai nuna maka darajarsa.

Shawarata, ranar da albashi ya shigo a ware wa babur nasa kamar yadda ake ware na wuta. A riƙe bakanike ɗaya mai amana, a tsaya a kansa in yana aiki.

Allah Ya tsare mu a kan hanya, Ya kawo mana sauƙi.