Mu daina karya farashin masu aikin ado

Duk wadda ta taɓa kasa atamfa a kasuwar Difa ta san cewa mai saye ba ta fara tambayar ƙwarin yadi. Adon da ke jikin turmi ne ke tsayar da ita. Amma wa ke tunawa da wanda ya zana adon?

Wannan ya tuna mana da wata mata 'yar Rasha mai suna Liyubob Popoba, wadda aka haifa a 1889 kusa da birnin Mosko. Mahaifinta babban ɗan kasuwar yadi ne. Ta yi karatun zane a Paris, sannan a 1916 ta shiga ƙungiyar mai zane Malebic, mutanen da suka bar zana fuskoki da itatuwa suka koma ga layuka, da'ira da murabba'i masu launi. A 1921 ta ajiye zanen da ake ratayewa a bangon masu kuɗi. A 1923 ta shiga masaƙar gwamnati a Mosko tana zana adon yadin da talakawa za su ɗinka. An ce babu abin da ya faranta mata rai kamar ganin matar ƙauye tana sayen yadinta. Ta rasu a 1924 tana da shekara 35, sakamakon zazzaɓin da ta ɗauka wajen ɗanta. Yau ayyukanta suna manyan gidajen tarihi na duniya.

To jama'a, irin waɗannan layuka da murabba'i ba baƙi ba ne a bakin Komadugu. Suna jikin tabarmar kaba, da faifai, da ƙwarya, da lallen amare, da hular da ake ɗinkawa da allura. Tun da rikicin Boko Haram ya tsallako jaharmu a 2015, mata da yawa da suka baro Damasak, Malam Fatori da Boso da wannan aikin hannu suke ciyar da 'ya'yansu.

Abin takaici, mace za ta kwashe makonni tana ɗinkin hula ɗaya, dillali ya taya ta kuɗin da bai fi na zare ba, don ya san yunwa ba za ta bar ta ta ƙi ba. Wani zai ce ai ciniki ya gaji haka. Gaskiya ne, amma idan riba ta ƙare a hannun dillali, 'yarta ba za ta koyi sana'ar ba, gobe kuma sai mu rasa hajar da za mu kasa.

Shawararmu ita ce, a lissafa kwanakin aiki da basira kafin a taya, kamar yadda ake lissafa wahalar noman tattasai. Mata masu sana'ar kuma su haɗa kai su tsayar da farashi ɗaya. Allah ya sa albarka a kasuwanninmu, amin.