Sakan 60 kafin girgizar ƙasa: mi za a yi da su?

Har yau babu masanin da ke iya faɗin ranar da ƙasa za ta girgiza. Amma in ta soma, ana iya riga ta isa gari. Dalili kuwa shi ne, girgiza kashi biyu take tafiya: ta farko mai sauƙi, tana gudun kimanin kilomita 6 a cikin sakan guda, ta biyu, mai rushe gini, tana biye da gudun wajen kilomita 3 da rabi. Na'urorin da aka kafa kusa da tushen girgizar su ke jin ta farkon, su aika da labari ta hanyar radiyo, wanda ya fi su duka sauri.

Bayan girgizar ran 19 ga watan satumba na shekara ta 1985, wadda ta hallaka dubban mutane a babban birnin Meksiko, hukumomin ƙasar sun jera irin waɗannan na'urori a gaɓar tekun jihar Gerero, nisan fiye da kilomita 300 daga birnin. Tun 1993 ake sanar da jama'a, kuma in girgiza ta taso daga can, mutanen birnin kan samu kimanin sakan 60. To, amma ran 19 ga satumba 2017, sai ta taso daga wajen kilomita 120 kawai, jiniya da girgiza suka iso kusan tare, mutum fiye da 360 suka rasu.

Abin lura a nan shi ne, mai kula da gini ba shi da tabbacin ko sakan 60 zai samu ko 5. Cikin wannan ɗan lokaci babu halin kiran darakta ko neman mabuɗi wajen gardi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Saboda haka aikinsa na farko shi ne ya ɗora wa na'ura abin da na'ura ke iya yi. A ƙasar Japon, inda ake gargaɗin jama'a tun watan oktoba na 2007, sababbin na'urorin hawa bene, wato asansar, suna tsayawa da kansu a hawa mafi kusa su buɗe ƙofa da zarar sun ji girgizar farko. Ma'aunin gaz na gidaje shi ma yakan rufe kansa in girgiza ta yi ƙarfi.

Na biyu, kowane mazauni ya san abu guda da zai yi, ba goma ba. A Meksiko ana horon wanda ke ƙasa kusa da ƙofa ya fita fili, wanda ke can sama kuwa ya nufi wurin da aka keɓe a hawansa, kada ya bi matakala, don nan ne turereniya ke karya mutane. A Amurka kuwa koyarwar ita ce: durƙusa, shiga ƙarƙashin tebur, riƙe shi da ƙarfi. Wanda bai gwada da rana tsaka ba, ba zai iya da tsakar dare ba.

Na uku, jiniya ba ta tallabe gini. A 2017 makarantar Enrike Rebsamen ta rufta wa yara 19 da manya 7, kuma kotu ta ɗaure mai makarantar, wadda ta ƙara gini bisa benen ba bisa ƙa'ida ba.

Mu nan Nijar, Allah ya sa ƙasarmu ba ta cikin yankunan girgiza. Amma ƴan kasuwarmu suna kwana a otel-otel na Istambul, ɗalibanmu suna Maroko da Aljeriya, kuma dukan ƙasashen nan uku sun ga wannan masifa: Aljeriya a 2003, Turkiyya da Maroko a 2023. Duk wanda ya sauka can, kafin ya buɗe akwati, ya tambayi mai masauki inda ake fakewa da inda ake fita. In ya kasa ba da amsa, a nemi wani masauki.